Gida a Ingila, Magada a Kano: Yadda Ake Tsara Gado a Rage Haraji

Musulmin da ya mallaki gida a Ingila, ranar da ya cika lissafi biyu ne za su hau kan dukiyarsa, kuma ba su jituwa. Shari'a ta ba matarsa tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan akwai 'ya'ya, sauran ya tafi ga 'ya'ya da iyaye. Ita kuwa hukumar harajin ƙasar, HMRC, ba ta taɓa ko sisi daga abin da aka bar wa mata ko miji, amma abin da ya tafi ga 'ya'ya, uwa, uba ko 'yan'uwa tana yankar kashi 40 cikin 100 a kansa da zarar ya haura iyaka. Bature yakan rubuta cewa komai na matarsa ne, haraji ya jira sai ita ma ta rasu. Mai bin rabon Shari'a ba shi da wannan ƙofa, don kashi bakwai cikin takwas na dukiyarsa yana faɗawa ɓangaren da ake yanka tun a mutuwar farko. Saboda haka kusan duk dabarar da za ta yi aiki, da rai ake yin ta.

Abin da ke tafe ya shafi Ingila da Wales. Harajin iri ɗaya ne a duk Birtaniya, amma Scotland tana da nata dokokin gado da wasiyya.

Fara da sanin me ke cikin lissafi

Duk kadarar da ke cikin Birtaniya tana cikin lissafi, ko da mai ita bai taɓa zama a can ba. Attajirin da ke zaune a Abuja ya sayi ɗaki a Landan don yara masu karatu, wannan ɗakin harajin gado na jiran sa. Ɓoye shi a ƙarƙashin sunan kamfanin da aka yi wa rajista a wata ƙasa ya daina aiki tun Afrilun 2017.

Kadarar da ke waje kuma, tun 6 ga Afrilu 2025 shekarun zama ake ƙirgawa. Wanda ya zauna a Birtaniya shekara 10 cikin 20 da suka wuce, duk abin da ya mallaka a duniya ya shiga: gidan Kano, gonar Kadawa, filin Kaduna, kuɗin da ke bankin Najeriya, duka a kan darajarsu da fam ranar rasuwa. Komawa gida ba ta yanke igiyar nan take. Wanda ya yi shekara 10 zuwa 13 zai ci gaba da zama cikin lissafi shekara 3 bayan tashinsa, kowace shekarar zama da ta ƙaru tana ƙara shekara ɗaya, har ta kai 10 ga wanda ya yi 20. Najeriya ba ta da harajin gado irin wannan, shi ya sa mutane da yawa ba sa ma tunanin gidan Kano zai shigo maganar.

Iyakar farko fam 325,000 ce, ba ta motsa ba tun 2009, ga farashin gidaje kullum sama yake yi. Akwai ƙarin fam 175,000 idan gidan da mamaci ya zauna a ciki ya tafi ga 'ya'yansa ko jikoki. Uwa, uba da ɗan'uwa ba sa cikin wannan ƙarin. Idan dukiya ta haura fam miliyan 2, ƙarin yana raguwa fam ɗaya a kan kowane fam biyu da ya haura.

Ga misalin da za mu riƙa komawa kansa. Magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya, mahaifiya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Gidan Manchester da sunansa shi kaɗai, bayan an cire bashin banki ya rage fam 540,000. Ajiya fam 120,000. Gidan Kano fam 60,000. Jimla 720,000. Mata ta ɗauki tumuni, 90,000. Mahaifiya sudusi, 120,000. Sauran 510,000 na 'ya'ya ne, kowane namiji 204,000, macen 102,000. A wajen HMRC, a cire rabon mata, saura 630,000. A cire 325,000 da 175,000, saura 130,000. Haraji fam 52,000.

Aure da takardar gida

Kafin a je ko'ina, a duba ko dokar Ingila ta san da auren. Ɗaurin auren da aka yi a masallaci ko a falon gida a Ingila, ba tare da rajistar hukuma ba, doka ba ta ɗauke shi aure ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2020 a shari'ar Akhter da Khan. A misalinmu, in haka auren yake, rabon matar ma za a yanka, haraji ya tashi daga 52,000 zuwa 88,000. Mafi muni, in babu wasiyya ba ta da kaso kai tsaye, sai ta kai ƙara. Auren da aka ɗaura a Najeriya, Nijar ko Ghana bisa ƙa'idar can, Ingila takan amince da shi, amma sai an kawo shaida, don haka a nemi takardar aure tun yanzu a adana. Mai mata fiye da ɗaya ya kai wa lauya tarihin kowane aure, inda aka ɗaura da kuma inda doka ta ɗauka a matsayin mazauninsa na dindindin a lokacin, domin a kan wannan ne ingancin aure na biyu ya rataya.

Sai takardar gida. Ma'aurata suna mallakar gida a Ingila ta hanya biyu. A ta farko, gidan nasu ne dunƙule, wanda ya riga rasuwa kasonsa ya koma wa ɗayan kai tsaye, wasiyya ba ta da iko a kansa ko me aka rubuta. A ta biyu, kowa yana da kasonsa sananne, rabi da rabi ko yadda suka yarda, kuma kason mamaci yana shiga gadonsa. Mafi yawan ma'aurata a kan ta farko suke ba su sani ba. Mai son rabon Shari'a ya tabbata, ta biyu yake bukata. Sauyawa ba ta da wuya: a rubuta sanarwar raba mallaka, a cike fom SEV a aika wa hukumar rajistar filaye.

A nan ne mafi girman ragi yake, kuma shi ne mafi tsabta. Kyauta tsakanin miji da mata ba ta da harajin gado, ba ta da harajin riba. Da magidancinmu ya mallaka wa matarsa rabin gidan tun yana da lafiya, dukiyarsa ta koma 450,000. Tumuni 56,250, saura 393,750, ƙasa da iyakar 500,000. Haraji babu. Ita ma tana da tata iyakar ranar da nata ya zo. In ma matar tana aiki, albashinta na shiga biyan bashin gidan shekara da shekaru, to rubuta kasonta ba alfarma ba ce, haƙƙinta aka fayyace. Kuma hakan na kare ta daga ranar da magada za su ce a sayar a raba, ita tana riƙe da tumuni kawai. Sharaɗi biyu: bankin da ke bin bashin gidan sai ya amince, kuma kyautar ta zama ta gaske, ba ta baki ba. Matar da ba ta cika shekarun zama a Birtaniya ba alhali mijin ya cika, abin da ake yafe mata yana tsayawa a fam 325,000. Tumuni da wuya ya kai nan, amma rabin gida da tumuni a haɗe suna iya haurawa.

Kyauta da rai

Ƙa'idar da kowa ya ji labari ita ce ta shekara bakwai: abin da ka ba wani, in ka rayu shekara bakwai bayan bayarwa, ya fita daga lissafi gaba ɗaya, komai yawansa. In ajali ya zo kafin nan, kyautar tana dawowa lissafi, kuma ita ce ke fara cinye iyakar 325,000 kafin sauran dukiya.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu game da sassaucin da ke farawa bayan shekara uku. Gaskiya ne harajin yana sauka zuwa kashi 32 tsakanin shekara 3 da 4, sannan 24, sannan 16, sannan 8 a shekarar ƙarshe. Amma wannan sassaucin a kan harajin kyautar ne, kuma kyauta ba ta da harajin kanta sai jimlarta ta haura 325,000. Wanda ya ba ɗansa fam 100,000 ya rasu bayan shekara shida, bai sami ragin ko kwabo ba: kyautar ta ci 100,000 daga iyakarsa, sauran dukiya ta biya cikakken kashi 40.

Akwai kyautukan da ba sa jiran shekara bakwai. Fam 3,000 a kowace shekarar haraji, kuma in ba a yi amfani da na bara ba ana iya haɗawa, na shekara ɗaya kawai. Fam 250 ga kowane mutum, komai yawan mutanen, muddin ba wanda ya ci na 3,000 ba ne. Gudummawar aure, fam 5,000 ga ɗa ko 'ya, 2,500 ga jika, 1,000 ga kowa, a ba da kafin ɗaurin aure ko a ranar.

Wanda ya fi duk waɗannan amfani ga mutanenmu shi ne wanda aka fi sakaci da shi: kyauta daga rarar kuɗin shiga. Ba shi da iyaka. Sharuɗansa uku ne. Ya zama abin da aka saba yi a kai a kai, ya fito daga albashi, haya ko fansho, ba daga tsohuwar ajiya ba, kuma bayan an bayar mai bayarwa ya ci gaba da rayuwarsa yadda ya saba. Kuɗin da ake tura wa Hajiya kowane wata, kuɗin makarantar 'ya'yan ƙane, abin da ake zuba wa ɗa a asusu don ya tara na sayen gida, duka suna iya shiga. Matsalar ita ce hujja. Bayan rasuwa, wasiyyi ne zai cike fom IHT403, wanda ke neman kuɗin shiga da na kashewa shekara bayan shekara. Kuɗin da aka damƙa wa matafiyi a ambulan, ko aka bi da shi ta hannun ɗan canji ba rasit, ba su da sawu. A riƙa turawa ta banki, rana ɗaya a wata, a rubuta gajeriyar takarda mai kwanan wata cewa an yi niyyar ci gaba da hakan, kuma a ƙarshen kowace shekarar haraji, 5 ga Afrilu, a zauna a cike shafi ɗaya: abin da ya shigo, abin da gida ya ci, abin da aka bayar.

Yanzu ga ramin da ya fi cin mutane. Uba ya sa sunan ɗansa a takardar gida, ya ci gaba da zama a ciki, yana ganin ya gama. A wajen HMRC wannan kyauta ce da aka riƙe amfaninta, kuma gidan yana nan cikin dukiyarsa ko an shekara ashirin. Agogon shekara bakwai ba ya fara tafiya sai ya tashi daga gidan ko ya fara biyan ɗan haya daidai da ta kasuwa, shi kuma ɗan ya biya harajin kuɗin shiga a kan hayar. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ji wannan baƙo ba. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali, in ba haka ba ta koma gado. Kyautar ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka. Dokokin biyu abu ɗaya suke tambaya: ka saki ko ba ka saki ba? Inda ake samun sauƙi shi ne idan an ba ɗa wani kaso na gidan, shi ma yana zaune a ciki, kowa na ɗaukar nasa nauyin hidima.

Kafin a kyautar da gidan haya ko gidan Kano, a yi lissafin harajin riba. Doka tana ɗaukar kyauta ga ɗa kamar sayarwa ce a farashin kasuwa, a biya kashi 18 ko 24 a kan ƙarin darajar da gidan ya yi tun sayensa, kuma in gidan zama ne a Birtaniya a kai rahoto a biya cikin kwana 60. Gidan da aka gada kuwa, tsohuwar ribar tana shafewa ranar rasuwa. Don haka gidan da aka saya da arha shekara ashirin da suka wuce, wani lokaci barin sa a gada ya fi kyautar da shi sauƙi. Tsabar kuɗi ba ta da wannan matsala, ita ya fi kyau a fara bayarwa. A gefen Najeriya, sauya sunan mai fili mai takardar mallakar gwamnati yana bukatar amincewar gwamna bisa dokar filaye ta 1978, kuma kyautar da ba a kai ta nan ba ita ce wadda 'yan'uwa ke musu a kanta daga baya. A kuma tuna da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir: kyauta ga 'ya'ya da adalci ake yin ta. Rage haraji ba hujja ba ce ta fifita ɗan da ke kusa a kan 'yar da ke aure a Zariya.

Sulusi, amana da fansho

Shari'a ta yarda a yi wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba ga wanda ba magaji ba. Abin da aka bar wa ƙungiyar agaji ba shi da haraji, kuma in ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ya rage bayan an cire rabon mata da iyakar 325,000, harajin sauran yana sauka daga 40 zuwa 36. A misalinmu na farko, sadakar fam 32,000 ta wadatar. Haraji ya sauko daga 52,000 zuwa 36,720. Ma'ana, an yi sadaka mai gudana ta 32,000, amma abin da ya ragu a hannun magada 16,720 ne kawai. Sai dai tun Afrilun 2024 ƙungiyar dole ta zama ta Birtaniya. Wasiyya kai tsaye ga masallacin unguwa ko Islamiyya a Katsina ba ta samun wannan ragi. Hanyar ita ce a bar wa ƙungiya mai rajista a Birtaniya da ke aiki a can, a rubuta sunanta da lambar rajistarta daidai. A ce wa lauya ya rubuta sadakar da kaso, kada ya sa adadi, don darajar gida tana canzawa, fam ɗari kacal na iya sa a faɗo ƙasa da kashi 10.

Lauyoyi da dama suna ba masu babbar dukiya shawarar wasiyyar amana: dukiya ta shiga hannun amintattu, matar ta ci amfaninta muddin tana raye, sai a sami yafewar ma'aurata a kan duka. Daga baya amintattu su riƙa sakar wa magada rabonsu, doka ta ɗauke shi kamar kyauta daga matar, a jira shekara bakwai. Yana aiki a takarda, amma yana da nauyi biyu. Malamai sun saɓa a kansa, domin yana jinkirta haƙƙin da ya zama na magada tun ranar rasuwa. Kuma in ya bayyana cewa an shirya tun farko a karɓe daga hannun matar cikin 'yan watanni, HMRC na iya ƙalubalantar sa. Iyalin da dukiyarsu ba ta wuce ta misalinmu ba, raba gidan tsakanin miji da mata ya ishe su, ba sai sun shiga wannan ba.

Fansho ba ya bin wasiyya. Masu kula da asusun suna duba fom ɗin da ka cike na wanda kake so a ba, wanda wataƙila ka cike shi ranar da ka fara aiki kana saurayi. A sabunta shi. Daga 6 ga Afrilu 2027 kuɗin fanshon da ba a ci ba zai shiga lissafin harajin gado, don haka duk wanda ya yi lissafinsa kafin a sanar da wannan a 2024 ya sake yi. Inshorar rai ko takaful, wato inshorar Musulunci, ga wanda malaminsa ya yarda, a sa ta cikin amana tun farko. In ba a sa ba, kuɗin yana faɗawa cikin dukiya, a yanki kashi 40 daga abin da aka tanada don biyan harajin.

Ita kanta wasiyyar

In babu wasiyya, dokar Ingila ce ke rabo: mata ta ɗauki kayan amfanin gida, fam 322,000 na farko da rabin sauran, 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai wa daida, mahaifiya da mahaifi ba su da komai. Wasiyya ce kaɗai ke shigo da rabon Shari'a. A rubuce take, ka sa hannu gaban shaidu biyu da ke wurin lokaci guda, su ma su sa hannu a gabanka. Shaida ko matar shaida ko mijinta ba sa cin komai a wasiyyar, don haka kada a kira ɗa ko suruki, a kira maƙwabci ko abokin aiki. Aure yana rushe wasiyyar da ta gabace shi, har da auren rajista da aka je aka yi don gyara matsalar da muka faɗa a sama. A yi rajista tukuna sannan wasiyya, ko lauya ya rubuta ƙarara cewa an yi ta ne da niyyar wannan auren.

Kada a rubuta adadin kowa, domin ba ka san wa zai riga wa ba. A rubuta cewa a raba bisa mazhabar Malikiyya, a faɗi wanda zai fitar da lissafin da wanda zai maye gurbinsa, kuma hukuncinsa ya zama na ƙarshe. Mai kadara a ƙasa biyu ya yi takarda biyu, domin fili da gida dokar inda suke ce ke hukunci a kansu. A kula da jimlar nan da lauyoyi ke buɗe wasiyya da ita, ta soke duk wasiyyar baya: in ba a taƙaita ta ga ƙasa ɗaya ba, ta biyu tana kashe ta farko. A kuma sani cewa wata dokar gado ta Ingila ta 1975 ta ba mata, 'ya'ya da duk wanda mamaci ke ciyarwa damar kai ƙara cikin wata shida da fitar takardar izinin kotu ta taɓa dukiyar mamaci in suna ganin ba a wadata su ba. Matar da aka bar wa tumuni kawai, ba gida, kotu na iya ƙara mata, wanda wani dalili ne na mallaka mata kasonta tun da rai.

Bayan rasuwa lokaci gajere ne. Haraji yana wajaba a ƙarshen wata na shida bayan watan rasuwa, daga nan kuɗin ruwa ya fara hawa, kuma galibi ba a ba da takardar izinin taɓa dukiya sai an fara biya. Fom IHT423 yana ba banki damar biyan HMRC kai tsaye daga asusun mamaci. Harajin da ya hau kan gida ana iya raba shi kashi goma a shekara goma, amma da ruwa a kan abin da ya rage, kuma in an sayar da gidan sai a biya sauran gaba ɗaya. In mutum ya rasu ba wasiyya, ko ya bar wadda ta saɓa wa rabon Shari'a, magada suna da shekara biyu su rubuta takardar sauya rabo, a ɗauke ta a wajen haraji kamar mamacin ne ya rubuta. Duk wanda rabonsa zai ragu sai ya sa hannu da yardarsa, kuma in akwai yaron da bai kai shekara 18 ba a cikinsu, sai kotu ta amince a madadinsa.